Fistan ɗin da na fito da shi daga gareji

Fistan ɗin yana nan cikin akwatin kayan aikina. Shi kaɗai na ɗauko ranar da na miƙa makullai, bayan shekara goma sha ɗaya ina kula da motocin janwe na kamfanin. Gefen kwanon da ke samansa ya zaizaye kamar sabulun da ya kwana a ruwa, ga wata siririyar tsaga ta gangaro har wajen ringi na farko. Na silinda ta biyar ne.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san motar da nake nufi. Lokacin watanta goma sha huɗu a hannunmu, garantinta da sauran nisa. Direbobi suka yi ta ƙorafi cewa in ta ɗauko kaya mai nauyi ta shiga doguwar hawa sai ta riƙa jan ciki. Ana cikin haka wani mai sayar da cip, wato 'yar na'urar da ake maƙala wa inji don ƙara masa ƙarfi, ya sami manajanmu ya cika masa kunne: ƙarfi zai ƙaru, shan dizal zai ragu, kuma duk ranar da za a kai ta wajen dila sai a zare, babu mai ganewa. Manaja ya kira ni ofis ya turo min kwalin a kan tebur.

Na ce, "Yallaɓai, motar nan fa tana cikin garanti."

Ya ce, "Malam, ni na ce ka ɗaura. In wani abu ya taso ni ne a gaba."

Na ɗauki kwalin na fito. Ban nemi ya rubuta ba, ban sa a katin aiki ba. Cikin minti arba'in na gama.

Ga wanda bai taɓa buɗe irin wannan cip ɗin ba, aikinsa ɗaya ne, yi wa ƙwaƙwalwar inji ƙarya, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Ana maƙala shi tsakanin sansar da ke auna matsin mai a bututun da ke ciyar da injektoci da ita ƙwaƙwalwar. A injin dizal na zamani matsin nan yakan kai wajen bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne). Cip ɗin sai ya rage adadin da sansa ta turo, ƙwaƙwalwa ta ɗauka matsi bai kai ba, ta umarci famfo ya ƙara. Mai ya ƙaru a silinda, ƙarfi ya ƙaru, zafi ma ya ƙaru. Akwai wani nau'in kuma da ake sake rubuta manhajar ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ta soket ɗin OBD, inda makanike ke jona kwamfutarsa don duba lafiyar mota. Wancan ya fi shiga ciki, kuma sawunsa ya fi fitowa fili, domin injuna da yawa suna ƙirga sau nawa aka sake musu rubutu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na san dalilin da ya sa motar take jan ciki. Da gangan aka yi ta haka. Ka duba misalin Ford, ko da yake tamu ba ita ba ce: a 2020 injinsu na dizal mai lita 6.7 yana ba da ƙarfin doki 475 a motar a-kori-kura, amma shi wannan injin in aka sa shi a shasin da ake ɗora wa jikin janwe ko tifa, 330 yake bayarwa. Mai a-kori-kura zai taka totur na daƙiƙa goma ya wuce wata mota ya ɗaga ƙafa. Motar janwe kuwa za ta yi minti ashirin ƙafar direba na ƙasa, da mota a bayanta, sannan ta je ta tsaya awa biyu inji na kunne yana juya famfon winci. Fistan ɗin motarmu na alminiyam ne, alminiyam kuma a digiri 660 na ma'aunin Celsius yake narkewa. Wutar da ke cikin silinda ta zarce haka nesa ba kusa ba. Abin da ke ceton fistan shi ne ƙunar ba ta daɗewa, ga baƙin mai da ake fesa masa ta ƙasa yana sanyaya shi. 'Yar tazarar da masu ƙera inji suka bari don irin wannan doguwar wahala, ita ce mai cip yake sayar maka da sunan ƙarin ƙarfi.

Duk na san wannan, amma ko agogon auna zafin hayaƙi ban sa wa direba a dashbod ba. Motar kuma ba ta ɓoye min komai ba. Matatar baƙin hayaƙi da ke salansa ta koma ƙona dattin da ta tara akai-akai fiye da da. Na zaro sandar awon baƙin mai na ga ya hau maimakon ya sauka, na shinshina na ji warin dizal. Man giya ya fara duhu tun kafin lokacinsa. Na gani na yi shiru, saboda direbobi na ta sa min albarka, manaja kuma ya yabe ni a gaban jama'a, ni ma abin ya yi min daɗi.

Wata biyar aka yi. Wajen ƙarfe biyun dare direba ya kira ni, muryarsa na rawa: "Oga, inji na ƙara, hayaƙi ya turnuƙe." Na ce ya kashe kada ya sake tayarwa. Da wata motarmu muka je muka jawo ta, ina zaune a gaba ban iya cewa uffan ba har muka iso.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, kuma shi ne nake jin kunyarsa har yau. Da asuba manaja ya ce in zare cip ɗin kafin a kai ta wajen dila. Na zare, na goge soket-soket, na mayar da wayoyi yadda suke. Bayan kwana uku makanikensu ya kira ni, yaro ne da bai wuce sa'ar ƙanena ba. Ya juyo min da kwamfutarsa. Ƙwaƙwalwar ta ajiye mafi tsananin zafin hayaƙi da sauran sansoshi suka auna, waɗanda cip bai taɓa ba. Ta ajiye yadda take ta matsa wa famfo alhali awon matsi na cewa komai lafiya, lissafi biyun sun ƙi haɗuwa. Ya nuna min 'yar ƙugiyar soket da ta koɗe saboda zarewa, sannan ya ɗora fistan a tafin hannuna. Cikin ladabi ya ce, "Yaya, me aka ɗaura wa motar nan?" Na faɗa masa gaskiya.

Suka ƙi biyan inji, suka kuma sa alama a lambar shasi, ta yadda duk dilan da ya buɗe bayananta zai gani. Mai cip ɗin ya daina ɗaukar waya. Da yana tallarsa ya yi ta ambaton dokar Amurka ta Magnuson-Moss ta 1975, wai ta hana kamfani soke garanti don an sa kayan da ba nasa ba. Daga baya na zauna na karanta. Rabin zancen ya faɗa. Ko a can, ɓarnar da kayan da ka ƙara suka jawo ba ta cikin garanti, kuma dokar don kayan amfanin mutum da iyalinsa aka yi ta, mai motar haya bai kamata ya jingina da ita ido rufe ba.

A gaban mai kamfani manaja ya ce shi bai san komai a kan inji ba, makanike ne ya kawo shawarar. Na dube shi, ya dubi takardunsa. Aka yi wata takwas ana yankar albashina, aka ɗora min wani a sama. Laifina na ɗauka, domin hannuna ne ya ɗaura kuma hannuna ne ya zare. Nasa kason da ya jibga min ne na kasa haɗiyewa, ko da yake muna gaisawa har ranar da na tafi. Injin kuwa ni na sauke shi na haɗa shi da kaina, daga fistan har gasket, kuma har na bar wurin yana aiki ba tare da ya sake neman kowa ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su kai wannan nauyi ba. A motar janwe da awannin inji ake canza baƙin mai, kilomita kaɗai tana yaudara. Rasit ɗin kowane sabis a ajiye shi, ranar rigimar garanti shi ake fara tambaya. Garantin shasi daban, na jikin janwe da winci daban, a karanta duka biyun. In mota ta gaza da kayan da ake ɗora mata, babba ake bukata, ko kuma a tambayi mai injin ko yana da ƙarin ƙarfin da shi ya amince da shi a rubuce.

Saura mako guda in tafi, yaron da zai gaje ni ya same ni a bayan gareji riƙe da wani sabon kwali, wani kamfani daban, alƙawari iri ɗaya. Manaja ne ya ba shi. Na ciro katin aiki na rubuta lambar motar, sunan na'urar, da cewa motar tana cikin garanti, na bar gurbin sa hannu a ƙasa. Na ce ya kai masa. Ya dawo bayan minti goma ba kwali ba kati, ya ce Oga ya ce a bari tukuna zai yi tunani.