Jajibirin gwajin Fom 5

Juma'a. Gobe da ƙarfe tara zan tashi da mai gwaji domin gwajin tuƙin jirgi, don haka yau a filin jirgi na wuni, tsakanin takardu da jirgin.

Rundunar tamu ta 'yan sa kai, Civil Air Patrol, an kafa ta ranar 1 ga Disamba 1941, kuma tun 1948 doka ta mai da ita mataimakiyar sojan saman Amurka. Jiragen na runduna ne, saboda haka lasisin FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, shi kaɗai ba ya ba mutum makulli. Sai ya ci gwajin da kowa ke kira Fom 5, kuma duk shekara ake sabunta shi.

Da takardu na fara, don su ne ke mayar da mutane gida tun kafin a kunna inji. Lasisi, takardar likita, katin zama mamba, littafin sa'o'in tashi, shaidar cin jarrabawar intanet a kan kundin dokoki na 70-1, da takardar tambayoyi kan samfurin jirgin. Ita wannan ta ƙarshe da littafin jirgin da za a tashi ake cike ta, ba daga ka ba. Cessna 172 iri-iri ce, kuma lambobin tsohon samfuri ba su yi daidai da na 172S, irin namu, ba. Na kuma buɗe fayil ɗin jirgin na duba ranakun gyara: duban shekara, duban awa 100, na'urar neman agaji duk wata 12, taransfonda, na'urar da ke nuna jirgi a rada, duk wata 24. Mai gwaji yakan miƙo fayil ɗin ya ce a nuna masa, ba a faɗa masa ba.

Lissafin nauyi ya ɗan ci lokaci. Iyakar 172S a tashi fam 2,550 ne. Namu ba kowa ba komai yana kai 1,740, saboda ƙarin rediyo da kayan bincike da aka ɗora masa. Cikakken mai galan 53 ne, kowane galan fam 6, wato 318. Ni da mai gwaji 405, jakunkuna da kayan ko-ta-kwana 40. Jimilla 2,503, saura 47. Ya shiga, amma da an ƙara mutum na uku a baya sai a rage mai zuwa bakin alamar cikin tanki, galan 35. A nan ne dokar runduna ke shigowa: FAA na neman ragowar mai na minti 30 da rana, mu kuwa sai awa guda cur. A ganina wannan ita ce doka mafi hankali a cikin kundin duka, ko da yake tana gajarta tafiya.

Bayan azahar na zagaya jirgin kamar gobe ce. Wuraren tsiyayar mai 13 ne a wannan samfurin, biyar ƙarƙashin kowane fiffike, uku ƙarƙashin hanci, kuma wasu na duba huɗu su wuce. Man jirgin, 100LL, shuɗi ne garau. In akwai ruwa, ya fi mai nauyi, sai ya taru a gindin kwalba dunƙule-dunƙule kamar dutsen ado. Abin tsoro shi ne kwalbar da ta cika da ruwa zalla, don ba layin da zai raba su. Shi ya sa ake ɗaga ta kusa da farin jikin jirgi a ga launin, a kuma shinshina. Ruwan yakan shiga ta robar murfin tanki da ta tsage, ko ta raɓar da ke taruwa a tankin da ya kwana rabi. Baƙin mai kwat 7 na samu. Ƙasa da 5 ba a tashi.

Injin nan, Lycoming mai ƙarfin doki 180, fesa mai yake yi, ba shi da kafireta. Da sanyi ba ya gardama. Da zafi kuwa man da ke cikin siraran bututun saman inji yakan zama tururi, sai mutum ya yi ta ƙara mai da famfo har ya shaƙe shi. Ƙa'ida ita ce in injin na da ɗumi kada a ba shi mai tukuna: totur kwata inci, maɓallin gauraya a rufe, a murɗa makulli, yana kamawa a tura gaurayar a hankali. Sai gwajin maganeto, na'urori biyu masu ba fulogi wuta, a juyi 1,800, bambancin hagu da dama kada ya wuce 50.

Lambobin sama na rubuta su a kati ɗaya. Ɗaga hanci a not 55 (not ma'aunin gudu ne), hawa mafi sauri 74, mafi tsaye 62. Tashi daga gajeren titi falaf, wato faifan bayan fiffike, digiri 10 da not 56 har a wuce shinge. Sauka a gajeren titi falaf duka da 61, ƙafafu su taɓa cikin ƙafa 200 bayan wurin da aka zaɓa. Ƙarin not biyar kawai ya isa jirgin ya yi ta shawagi ya wuce wurin, kuma masu tura hanci ƙasa don su tilasta shi su ne ke fara buga ƙafar gaba. Gara a ƙara wuta a sake zagayowa. Mai gwaji ya fi son ganin haka.

Juyi mai kwanciya digiri 45 ne, kada tsayi ya kauce da ƙafa 100, gudu da not 10. Inda ake lalacewa shi ne kallon allon G1000, mai nuna lambobin jirgi, maimakon kallon waje. Kuma matuƙi yana zaune a hagu ne, shi ya sa a juyin hagu hancin ke yi masa kamar ya ɗaga sama, a juyin dama kamar ya yi ƙasa.

Ko ba daɗe ko ba jima mai gwaji zai janye totur ya ce inji ya mutu. Not 68 farko, sannan fili, sannan hannu ya bi layi: mai daga tankuna biyu, bawul a buɗe, gauraya cike, famfo a kunne, maganeto duka biyu. In bai tashi ba, sai lambobin neman agaji: 121.5 a rediyo, 7700 a taransfonda. Kowace ƙafa 1,000 tana ba da kusan mil ɗaya da rabi na ma'aunin teku, shi ya sa filin da ke ƙarƙashin fiffike ya fi kyakkyawan da ake hange can nesa.

Da yamma na shigar da tafiyar a WMIRS, shafin rundunar na rajistar tashi, na cike takardar auna haɗari. Saura iska. Hasashen gobe not 18 ne, digiri 40 daga layin titi, wanda ke ba da kusan 12 daga gefe, iyakar da aka gwada jirgin da ita kuwa 15. In ta karkata zuwa digiri 60 ta wuce iyaka. Zan sake duba rahoton yanayi ƙarfe bakwai kafin in kira jami'in ba da izinin tashi, in ta karkata mu ɗage zuwa Lahadi, in Allah ya kai mu.