Godiya bayan ranar Jamusanci a makarantarmu

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Alhamdulillahi, taron al'adun Jamus da muka shirya wa 'yan aji huɗu zuwa shida ranar 3 ga Oktoba ya tashi lafiya. Mun zaɓi ranar ce saboda ita ce ranar haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990.

Godiyata ta farko ga iyaye take, musamman waɗanda suka zo ofis tun farko suna tambaya, "Malama, yaran da Turanci bai zauna musu ba, ina ruwansu da Jamusanci?" Tambayar tana kan hanya, ban ga laifinku ba. Amma kun bar su suna tsayawa atisaye bayan an tashi, kuma da ranar ta zo kun cika rumfa.

Malamin aji biyar, Allah Ya saka da alheri. Shi ya bi shaguna yana roƙon kwalaye, yara suka jera su suka yi Katangar Berlin a tsakiyar fili, rabin aji nan, rabi can. Da aka ce shekarar 1989 ta zo, shekarar da katangar ta faɗi, suka afka mata da ihu. Wata ƙaramar yarinya ta rungume kwalinta ta ƙi saki, wai ita ta yi masa fenti. Sai da aka yi lallashi.

Baƙonmu da ya yi karatun injiniya a Jamus, mun gode ƙwarai. Ya koya musu ƙirga daga eins zuwa zehn, wato ɗaya zuwa goma, sannan ya ba su labarin Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, da Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi shi har Hamburg, daga baya ya dawo ya koyar a makarantar Baturen nan Ɗan Hausa (Hanns Vischer) a Nasarawa ta Kano. Nan yara suka yi tsit. Ni a ganina wannan ne ya fi komai amfani a taron, domin sun ji ashe tun zamanin kakannin kakanninsu akwai Bahaushen da ya taka ƙasar. Wani tsoho cikin iyaye ya ƙara da cewa shi tun yana saurayi yake kama sashen Hausa na DW, wanda aka buɗe a 1963.

Iyaye mata da suka dafa dankalin Turawa, da mai gidan biredin da ya yi ta fama da murɗa kullu har ya fito da siffar Brezel, murɗaɗɗen biredin Jamusawa, sannunku da aiki. Telanmu ya ɗinka tutoci baƙi da ja da ruwan zinare bai karɓi ko sisi ba. Da wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa, maƙwabcinmu ya turo janaretansa. Allah Ya bar zumunci.

Akwai kwanukan abinci da hula ɗaya da aka manta, suna wurin maigadi. Hotuna kuma za mu tura a zauren WhatsApp na iyaye ranar Litinin in sha Allahu.