Wasiƙar da Ta Zo Ran Asabar

Mun sauka Ingila a watan Oktoban 2022, ni da maigidana da yaranmu biyu, da bizar aikin kula da tsofaffi. Kafin mu baro Zariya an ja mana kunne a kan sanyi, an ja mana kunne a kan tsadar haya, har da mai cewa mu ɗauro daddawa da kuka da yawa. Babu wanda ya ce mana uffan a kan wasiƙa. Ni ma da an tambaye ni a lokacin, cewa zan yi zamaninta ya wuce.

Abin da na sani na wasiƙa a gidanmu na gan shi. Baba malamin makaranta ne, yana da akwati a gidan waya, da ɗan makullinsa da yake ɗaurewa tare da na keke. Duk Alhamis sai ya biya ya duba. Rabin unguwarmu da lambar akwatinsa suke amfani, a rubuta sunan mutum, a ƙasa a sa "ta hannun Malam". Idan ya dawo mu ne 'yan aike, gida gida. Wanda ba ya son jira kuwa tasha yake zuwa ya ba direba, ya haɗa masa da na goro. Ban taɓa ganin ma'aikacin gidan waya ya tako ƙofar gidanmu ba. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ba a daɗe ba makullin nan ya koma cikin durowa, ba a sake nemansa ba.

A Bradford muka samu haya, gidan jan bulo mai matsattsen bene. A jikin ƙofar akwai wata kafa mai murfin ƙarfe. Washegarin shigarmu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na ji ƙarau, sai takardu suka zubo kan tabarmar bakin ƙofa. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani ne ke taɓa ƙofar. Duk na tsofaffin 'yan haya ne, babu mai sunanmu.

Rashin sunan nan shi ne matsalarmu ta farko a ƙasar. Na je banki buɗe asusu don a riƙa zuba albashina, suka ce in kawo shaidar adireshi. Na miƙa fasfo, na miƙa katin izinin zama, matar ta duba ta mayar mini cikin ladabi, ta ce takarda suke so wadda wata hukuma ta aiko mini ita a wannan gidan. Ga ni tsaye da ƙafafuna, amma sai ambulan ya shaide ni. Sai da muka yi rajista a asibitin unguwa, bayan kwanaki wasiƙa ta faɗo ta kafar nan, da sunana cikakke, da lambata ta hukumar lafiya ta NHS, da lambar gida da ta layi. Na zauna a kan matakala na karanta ta sau uku. Har yau tana cikin jakar da nake ajiye fasfo.

Daga nan komai ta ƙofar ya riƙa shigowa. Katin banki a ambulan ɗaya, lambobin sirrinsa a wani ambulan daban, wata rana daban. Takardar harajin gida daga ƙaramar hukuma. Takardar da ta ce yara sun samu gurbi a makaranta. Na koyi rabe ambulan tun kafin in buɗe: mai ruwan ƙasa yawanci na gwamnati ne, ba a ajiye shi sai gobe, mai walƙiya da launuka talla ce.

Akwai abin da ya faranta mini rai a watannin nan. Mu Hausawa kan sarki muke ce wa 'yar takardar da ake liƙa wa wasiƙa, sunan da ya samo asali tun zamanin Turawa, lokacin da hoton kan sarkin Ingila ke jikinta. Da muka iso, wata guda ke nan da rasuwar Sarauniya Elizabeth, hotonta ne har lokacin. A Afrilun 2023 aka fito da mai hoton Sarki Charles. Na saya, na ɗauki hotonsa na tura wa Baba. Ya kira ni yana dariya, ya ce, "Uwata, ai suna ya koma gidansa." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka.

Aikina shi ne zagaya gidajen tsofaffi, in taimaka da wanka, da magani, da abin kari. Cikin waɗanda na fi daɗewa da su akwai wata gwauruwa da ta haura shekara tamanin, a wani ƙauye bayan gari inda bas ke wuyar samu. A raina Kaka nake ce mata. Ba ta da wayar zamani, ta tebur ce da ita, ita ma ba ta cika jin ƙararta ba. Amma ƙarar murfin ƙofa ba ta taɓa wuce ta ba. Ko tana tsakiyar shan shayi za ta ɗaga yatsa ta ce in je in duba. Mai raba wasiƙun layinsu, da jar rigarsa da gajeren wando ko ana zuba ƙanƙara, idan ya ga labulenta a rufe har rana ta ɗaga sai ya ƙwanƙwasa ya ji muryarta kafin ya wuce. Akwai ranakun da, ban da ni, shi kaɗai ne ɗan Adam da ya iso ƙofarta.

Yanar ido ta rufe wa Kaka ido ɗaya, ta daɗe a layin jiran aiki. Wata Asabar ina gyara mata gado muka ji ƙarau. Na ɗauko, na ga tambarin asibiti. Ta ce in karanta mata don rubutun ya yi mata ƙanana. Wani ya fasa zuwa, an ba ta gurbinsa, ranar Talata da safe. Ta riƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Nan take muka kira 'yarta da ke wani gari, ta samu damar neman hutu a wajen aiki tun ran Litinin da sassafe, muka shirya mota, muka sanar da ofishinmu a sauya lokacin zuwana. Na manna takardar a jikin firji da maganaɗisu. Aka yi aikin lafiya. Kwana biyu da suka shiga tsakanin Asabar da Talata su suka ba mu sararin yin duk wannan.

Wannan Asabar ɗin ce ta faɗo mini a rai a watan Yulin 2025, da hukumar Ofcom mai sa ido a kan harkar sadarwa ta amince wa Royal Mail, kamfanin da ke raba wasiƙu a ƙasar, ya rage kwanakin kai wasiƙa. A nan wasiƙa aji biyu ce. Aji na ɗaya ana sa ran ta isa washegari, aji na biyu cikin kwana uku, kuma ta fi araha. A da duka biyun ana kai su kwana shida a mako, Litinin zuwa Asabar. Sabon tsarin ya bar aji na ɗaya yadda yake, amma aji na biyu ya daina fita ran Asabar, a ranakun aiki ma sai a tsallake rana: wannan mako Litinin, Laraba, Juma'a, mako mai zuwa Talata da Alhamis. Tunda Asabar ta fita daga lissafi, wasiƙar da aka jefa ran Alhamis, wadda a da iyakarta Litinin, yanzu tana iya kaiwa Talata kuma a ce ta zo a kan lokaci. Ba a ko'ina aka fara shi lokaci guda ba, amma doka ta riga ta buɗe ƙofar.

Mun yi muhawara da maigidana a kan wannan har shayi ya huce. Shi a rumbun tattara kaya yake aiki, yana ganin yadda ƙunshin sayayyar intanet ke kwarara dare da rana. Ya ce, "Uwargida, lissafi ne fa. Mota ɗaya, mutum ɗaya, layi ɗaya, amma jakar ta zama fanko." Kuma gaskiyarsa. Wajen 2004 zuwa 2005 ana aika wasiƙa kusan biliyan 20 a shekara a Birtaniya. Zuwa 2023 da 2024 ta dawo ƙasa da biliyan 7, alhali gidajen da za a kai wa sun ƙaru har sun kai kusan miliyan 32. Ofcom ta kiyasta cewa sauyin zai rage kashe kuɗi da fam miliyan 250 zuwa 425 a shekara. Kuɗin kan sarki ma shaida ne: na aji na ɗaya fene 95 na same shi da muka zo, zuwa Afrilun 2025 ya kai fam 1.70, na aji na biyu kuma fene 87. Kamfanin ba na gwamnati ba ne tun 2013 da aka sayar da hannun jarinsa, a 2025 kuma attajirin Jamhuriyar Czech, Daniel Kretinsky, ya saye uwar kamfanin. Ba wanda zai ci gaba da zuba ruwa a kwando.

Na ce masa, "Abban yara, ban musa lissafin ba. Amma a wuyan wa ragin zai sauka?" Wanda ke da waya mai kyau, da Turanci a baki, da manhajar asibiti a tafin hannu, ko an daina kai wasiƙa gaba ɗaya ba zai ji a jikinsa ba. Masu jiran ƙarar ƙofa su ne irin su Kaka, sai kuma irinmu baƙi, waɗanda zamansu a ƙasar ya rataya a kan takarda. Kuma takardun hukuma da wa'adi suke zuwa. Wanda aka ƙi wa buƙatarsa ta zama, idan yana da damar ɗaukaka ƙara daga cikin ƙasar, kwana 14 gare shi, kuma ana fara ƙirgawa ne daga ranar da aka aika da hukuncin. Idan ta gidan waya aka aiko, duk kwanan da takardar ta yi a hanya daga cikin nasa aka cire. Tarar ajiye mota ma haka take, akwai 'yan kwanakin da in ka biya a cikinsu rabi za ka biya, in sun wuce ka biya duka. Baƙon da sai ya nemi mai fassara masa, ya nemi lauya, ya nemi kuɗin lauyan, kwana biyu ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba yawan kwanakin ba ne. Tare da rage kwanaki, an kuma sassauta mizanin da ake auna kamfanin da shi, wato yawan wasiƙun da dole su isa a kan lokaci: aji na ɗaya daga kashi 93 cikin ɗari zuwa 90, aji na biyu daga 98.5 zuwa 95. Tun kafin nan ma ba a cika tsohon mizanin. Ofcom ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5.6 a 2023, miliyan 10.5 a 2024, sannan miliyan 21 a Oktoban 2025, bayan da kashi 77 kacal na aji na ɗaya ya isa a kan lokaci. Ni da za a ce mini Litinin da Laraba da Juma'a, kuma ya tabbata Litinin da Laraba da Juma'ar ne, zan tsara rayuwata da ta tsofaffina a kai, kamar yadda mutanen unguwarmu suka san Alhamis ce ranar Malam. Alkawari kaya ne. A rage shi zuwa abin da za a iya ɗauka, na yarda, amma wanda ya rage ɗin a sauke shi cif.

Sannan nauyin ba na masu kai wasiƙa ba ne su kaɗai. Asibiti da kotu da ofishin shige da fice su suka san abin da ke cikin ambulan. Takardar da ke ɗauke da rana ko wa'adi bai kamata a jefa ta a aji mai araha ba, a bar ta tana bin layi ɗaya da tallar kujeru. An ɓullo da wata alama ta musamman da ake bugawa a wasiƙun NHS don a gane su a ba su fifiko. Wannan ya yi, kuma ina ganin duk takardar da wa'adi ke bin ta ta cancanci irinsa. Wa'adin kansa ma, tunda hanya ta ƙara tsawo, adalci ne a duba shi.

Na san inda hanyar ke iya kaiwa. A Denmak kamfanin PostNord ya daina kai wasiƙa kwata-kwata a ƙarshen 2025, bayan ta ragu da kashi 90 cikin ɗari tun shekarar 2000, har jajayen akwatunan kan titi aka kwashe. Da na ba Baba labarin ya yi shiru, sannan ya ce, "Uwata, mu ai ba mu san ranar da tamu ta mutu ba. Wayar gari kawai muka yi ba mai zuwa duba akwati." Ya tambaye ni ko har yanzu mutumin nan mai gajeren wando yana ƙwanƙwasa wa tsohuwar. Na ce yana yi.

Yanzu idan sababbin zuwa suka sauka a wurinmu, bayan na nuna musu masallaci da shagon da ake samun naman halal, sai in kai su bakin ƙofa in nuna musu kafar nan. Ina ce musu su sa sunansu a duk inda ya dace tun makon farko, su buɗe ambulan mai ruwan ƙasa a ranar da ya zo, su rubuta kwanan watan da ya iso a bayansa da biro, kada su jefar. In sun tashi daga gida su sanar da kowace hukuma sabon adireshi kafin su kwashe kaya.

Kaka tana jiran a kira ta aikin ɗaya idon. Na roƙi 'yarta ta ba asibiti lambar wayarta ita ma, don saƙo ya biyo hanya biyu. Asabar ɗin da ta wuce ina yanka mata burodi muka ji takun mutum a waje, ta ɗaga yatsa, muka yi tsit mu biyu muna saurare. Takun ya wuce gidan gaba. Ta sauke hannunta, ta ce in duba kalandar firji in gaya mata Litinin nawa ga wata.