Sunan Harald da mutanen da suka ɗauke shi

Duk wanda ya taɓa tura waƙa ko karatu daga wayarsa zuwa ta abokinsa ta Bluetooth to ya yi mu'amala da sunan wani sarki da ya mutu sama da shekara dubu da suka wuce, ko ya sani ko bai sani ba. Sunansa Harald, kuma ba shi kaɗai ba ne, sunan nan ya daɗe yana yawo a gidajen sarautar Norwe da Danmak tun zamanin 'yan Viking, mayaƙan tekun nan na arewacin Turai, ma'anar sunan kuwa shugaban mayaƙa, kusan abin da mu za mu ce Sarkin Yaƙi. Turawan Ingila su Harold suke cewa amma asalin ɗaya ne.

Na farkonsu da ake ji da shi shi ne Harald mai kyan gashi, wanda mutanen Norwe ke ɗauka a matsayin sarkin da ya fara haɗa ƙasarsu wuri ɗaya. Labarin da ake bayarwa wai wata 'yar sarki ce mai suna Gyda ta ce ba za ta aure shi ba sai ya mallaki Norwe gaba ɗaya, shi kuma ya rantse ba aski ba taje kai sai ya cika wannan buri, haka ya yi ta yaƙi da ƙananan sarakuna har aka yi gumurzun Hafrsfjord wajajen shekarar 872. Wani marubuci ɗan ƙasar Iceland, Snorri Sturluson, ne ya rubuta yawancin labarin nan wajen 1230, kun ga tazarar ta fi shekara ɗari uku, shi ya sa masana tarihi ke taka tsantsan da shi.

Wanda ya fi jan hankalin mutane dai shi ne na Danmak, Harald ɗan Gorm, wanda ake wa laƙabi da mai shuɗin haƙori, wato Bluetooth da Turanci. Ya yi mulki daga wajen 958 zuwa 986, kuma shi ba a tatsuniya kawai muka san shi ba, ya bar rubutu a kan dutse. A garin Jelling har yau dutsen na nan tsaye, ƙato mai fuska uku, an sassaƙa masa rubutun gargajiyarsu mai tsaye-tsayen layuka, a ciki yana cewa ya kafa dutsen ne don tunawa da babansa Gorm da babarsa Thyra, sannan ya ce shi ne Harald ɗin da ya mallaki dukkan Danmak da Norwe ya kuma shigar da mutanen Danmak addinin Kirista. Abin da ya taɓa ni a nan shi ne sunan iyayensa ya fara sawa kafin ya zo kan kirarin kansa. A zamaninsa ne ma wani matafiyi daga Andalus, Ibrahim ibn Yaƙub, ya ziyarci kasuwar Hedeby da ke ƙasar Danmak ta wancan lokacin wajen 965 ya rubuta abin da ya gani na rayuwar mutanen, wato tun lokacin akwai zirga-zirga tsakanin can ƙurewar arewa da ƙasashen musulmi, dirhamin azurfa masu rubutun Larabci ma ba a daina tono su a ƙasar Suwidin ba. Ƙarshen Harald dai bai yi daɗi ba, ɗansa na cikinsa Sweyn ne ya yi masa tawaye ya kore shi daga gadon sarauta, ya mutu ba da jimawa ba.

To ya aka yi ya shiga waya? Kamfanin Ericsson ne ya fara aikin fasahar a garin Lund na ƙasar Suwidin tun 1994, daga baya a 1998 su Intel da Nokia da IBM da Toshiba suka haɗu da shi don a samu tsari ɗaya da na'urori daban-daban za su riƙa magana da juna ba tare da igiya ba. Wani injiniyan Intel, Jim Kardach, shi ya kawo shawarar a ɗan riƙa kiran abin da laƙabin sarkin nan kafin a samo suna na dindindin, tunda shi ma haɗa kan jama'a daban-daban ya yi. Sunan wucin gadi ne fa, amma sauran sunayen da aka tanada ba su yiwu ba, shikenan ya zauna. Ku duba tambarin nan mai shuɗi a saman wayarku da kyau, haruffa biyu ne na tsohon rubutunsu aka ɗora ɗaya kan ɗaya, H da B, wato farkon sunansa da na laƙabinsa.

Sai na uku, Harald Hardrada, mai tsananin mulki. Kai wannan bawan Allah ya ga duniya. Yana ɗan shekara 15 ya shiga yaƙin Stiklestad a 1030 inda aka kashe yayansa Olaf, ya tsira da rauni ya gudu ƙasar Kiev wajen Sarki Yaroslav, daga can ya wuce Santambul ya zama babba a cikin dogaran sarkin Rumawa, ya yi yaƙi har Sisili, ya tara dukiya ya dawo ya auri 'yar Yaroslav ɗin, ya hau sarautar Norwe a 1046. Duk bai ishe shi ba, a 1066 ya ɗebi jirage ya nufi Ingila neman sarautarta, a Stamford Bridge ranar 25 ga Satumba ya gamu da ajalinsa, kuma wanda ya ci shi da yaƙi takwaransa ne, Sarkin Ingila Harold Godwinson. Cikin jirage wajen 300 da suka zo, 24 kacal suka isa kwashe waɗanda suka rage. Shi ma takwaran ko sati uku bai ƙara ba aka kashe shi a Hastings. Wallahi duk sanda na karanta wannan wurin sai na tuna matan da suka tsaya bakin teku suna jiran jiragen da ba za su dawo ba.

Amma ni a gaskiya cikinsu duka wanda na fi girmamawa shi ne Sarki Harald na biyar na Norwe, wanda bai taɓa cin garin kowa da yaƙi ba. An haife shi a 1937, yana ɗan shekara uku sojojin Jamus suka mamaye Norwe a 1940, aka gudu da shi da babarsa da yayyensa mata zuwa Suwidin sannan Amurka, sai 1945 suka dawo gida. Ya wakilci ƙasarsa a tseren kwale-kwale a gasar Olamfik ta 1964 da 1968 da 1972. Da ya ga wadda yake so, Sonja Haraldsen, 'yar ɗan kasuwa ce ba jinin sarauta ba, fada ta ƙi, shekara tara cur suna jira, har sai da ya faɗa wa babansa Sarki Olav cewa in ba ita ba to ya haƙura da aure, alhali shi kaɗai ne magaji. Aka ɗaura a watan Agusta 1968. Bai yi tawaye ba bai kuma yaudari yarinyar mutane ba, haƙuri ya yi ya tsaya kan maganarsa, irin wannan jarumtar ba a cika yi mata kirari ba amma ta fi wuya.

Ya hau mulki a Janairun 1991. A 2016 a lambun fadarsa da ke Oslo ya yi wani ɗan gajeren jawabi da ya zaga duniya, ya ce 'yan Norwe sun haɗa da waɗanda suka zo daga Afganistan da Pakistan da Somaliya da Siriya, ya tuna wa jama'a cewa kakanninsa ma baƙi ne da suka zo daga Danmak da Ingila, ya kuma lissafa masu imani da Allah cikin 'yan ƙasa, a daidai lokacin da ƙyamar baƙi ke ta ƙaruwa a Turai. Da Sarauniya Margrethe ta Danmak ta yi murabus a farkon 2024 'yan jarida suka tambaye shi ko shi ma zai sauka tunda ga tsufa ga rashin lafiya, ya ce rantsuwa ya yi a gaban majalisa, kuma rantsuwar ta har ƙarshen rai ce.