Darussa daga aikin ƙara wa tsohuwar motar tsere birki

Kuskuren da ya fi cin kuɗi a wannan aiki shi ne a cire birkin dram na gaba, a ɗaura faifai da sabuwar kalifa (abin da ke matse faifan birki), sannan a bar tsohuwar masta (silindar da ke tura man birki in an taka feda) yadda take. Mastar da aka ƙera don dram takan zo da ɗan bawul da ke riƙe matsi kusan psi 10 (psi ma'aunin matsi ne) a layin man birki ko an ɗaga ƙafa. Dram yana da sifirin mai janye takalmi baya, shi ya sa bai damu ba. Kalifa kuwa ba ta da shi. Sai fad, wato takalmin da ke cikin kalifa, ya yi ta gogar faifai, zafi ya taru, man birki ya tafasa, feda ta nutse ana cikin gudu. A gareji ba a ganin komai, sai mota ta yi tafiya ta ɗumama. A cire bawul ɗin daga layin gaba. Idan masta tana ƙasa da kalifa, a sa bawul na psi 2.

Abin takaici, oga ne ke zaɓar kaya don kyan gani, amma ranar da faifai ya ƙone, yaron da ya ɗaure noti ake zagi.

Faɗin bakin masta ma lissafi ne. Kalifa mai fistin huɗu takan sha mai fiye da ta asali: ƙaramar masta za ta sa feda ta yi nisa, babba kuma ta yi tauri har ƙafa ta gaji. In motar mai layi ɗaya ce, a mayar da ita layi biyu, kamar yadda Amurka ta wajabta tun 1968, domin tiyo ɗaya in ya fashe a layi ɗaya, birki ya tafi gaba ɗaya.

Tayar baya kada ta riga ta gaba kullewa, in ba haka ba mota ta juya. Bawul mai rage matsin baya ne maganinsa, kuma a fili ake gwada shi.

Motocin Ingila irin MGB da Triumph suna da notunan layin birki masu tiredi (zaren noti) 3/8 UNF, na ma'aunin inci. Notin M10, na ma'aunin milimita, yana shiga kamar ya dace, amma zai yi yoyo ko ya fizge. Man birki nau'in DOT 5 ba ya haɗuwa da na DOT 4. Bakin cire iska na kalifa ya kasance yana kallon sama. A auna cikin wili kafin a sayi kalifa.