Godiya Ga Waɗanda Suka Raka Ni Neman Dogo

Assalamu alaikum warahmatullah.

Yau kwana huɗu da ƙaddamar da littafina, sai yanzu na samu na zauna na miƙe ƙafa. Muryata ba ta gama dawowa ba, wayata kuwa cike take da saƙonnin da ban buɗe ba. Duk wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi mini afuwa, wallahi ba wulaƙanci ba ne, gajiya ce. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana, bayan shekara shida ina fama da labari ɗaya kamar mai jinyar ɗan fari.

A wurin taro an ba ni minti biyar in yi jawabin godiya, na ɓata uku ina kuka. To ga sauran.

Da Hajiya Kaka zan fara, domin a ƙarƙashin gadonta littafin nan ya fito. Akwai wani akwatin ƙarfe da muka taso muna gani a ɗakinta, ba mai taɓa shi. Ranar da ta buɗe mini, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: takardar sallamar kakanmu daga soja, wadda ta yi laushi kamar tsumma, da lambar yabo mai siffar tauraro da ƙyallenta ja da shuɗi da ruwan lemo, sai hoton samari biyu cikin gajeren wando na kaki. Ɗaya kakanmu ne, Allah ya jiƙansa. Ɗayan ya fi shi tsawo da kusan taƙi guda. Ta ɗora yatsa a kansa ta ce, "Wannan shi ne Dogo. Har Malam ya koma ga Allah bai daina cigiyarsa ba."

Tare suka je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tare suka dawo a 1946. Sai dai Dogo ya dawo da ciwon da ido ba ya gani. Ba ya barci, in an yi tsawa sai ya faɗa ƙarƙashin rumbu. Wata safiya aka wayi gari ya ɗauki buta da sanda ya ce ya yi gabas, kuma shi ke nan. Hajiya Kaka ta ce tun da ta zo gidan, duk shekara in alhazai sun dawo sai Malam ya sa babbar riga ya bi su gida-gida yana yi musu barka da zuwa, in an gama gaisawa ya rage murya ya ce, "Ba ku ga wani dogon mutum mai tabo a wuya ba?" Shi bai taɓa samun halin bin sawunsa ba. Ga iyali, ga gona, ga kuɗin sallama da ya ƙare tun kafin a kai ko'ina. Abin da na yi a littafin nan kawai shi ne na tashi tsofaffin sojoji uku a 1953, saje da kofur da wani ɗan dako, na ɗora su a hanyar da kakana ya so bi. Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sa ki gama da duniya lafiya.

Sai Baba Saje. Haka kowa ke kiransa a unguwarsu, ni ma haka zan bar shi. Lokacin da aka kai ni wurinsa a 2019 ya ce ya haura shekara 95, ba ya gani sosai, amma kansa garau. Da na ce masa littafi zan rubuta sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Jikata, mace da labarin yaƙi? To zauna." Na yi zama goma sha ɗaya a zaurensa, kullum da ƙullin goro da nake kai masa, yana gurza shi a ɗan murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa saboda ba haƙora.

A bakinsa na ji yadda aka loda su a jirgin ruwa a Ikko a 1943, suka kewaya ta Afirka ta Kudu har Bombai, mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Kwara ba. Yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka tura kwarin Kaladan. Can ba hanyar mota, sai da suka sari daji da adda da diga suka fitar da hanyar jif mai tsawon mil 75. Abinci da harsashi daga sama ake jefo musu da laima. Ya ce ba Jafanawa ne suka fi damunsa ba, matsattsaku ne, da ruwan da ke kwana ya wuni yana zuba har fatar ƙafa ta yi fari ta saɓule a cikin takalmi. Kuma Hausa ce harshen bariki, har Turawan hafsoshi sai da suka koye ta, suna ba da oda da wata irin gurguwar Hausa da ya riƙa kwaikwaya mini ina riƙe ciki.

Amma abin da ya juya littafin gaba ɗaya wata magana ce da ya yi a zama na bakwai. Na karanta masa babin farko, ya yi shiru, can ya ce, "Duk masu bindiga kika sa. Ina masu gammo?" Ashe akwai dubban mutane da aka ɗauka don dako kawai, su ne motar rundunar, su ne alfadarinta. Su ke ɗaukar akwatunan harsashi da sassan igwa da marasa lafiya a ka, suna hawa duwatsun da akuya za ta yi shawara kafin ta hau, mafi yawansu ba abin kare kai sai adda. In an zo ba da labarin yaƙi ba mai tuna su. Na koma gida na yage babi huɗu. Ɗan dakon nan da masu karatu suka fi so, wanda ya san nauyin kowane kaya da ido, na Baba Saje ne, ni aron hannu kawai na ba shi. Ya rasu kafin a kai littafin maɗaba'a. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Na gode wa 'ya'yansa da jikokinsa da suka cika layi guda a zauren taro, suka kuma zo da hularsa.

Af, tun da na ambaci Bama: wata ƙanwata a zaurenmu na WhatsApp ta karanta babi uku cur tana zaton Bamar jihar Borno ake nufi, har tana tambaya yaushe Jafanawa suka zo Maiduguri. Ban ga laifinta ba. Muna wucewa ta gaban barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, da na Chindit a Zariya, muna jin Dodan da Myohaung da Arakan a Ikko, ba wanda ya taɓa gaya mana a makaranta cewa daga can ƙasar da yanzu ake kira Myanmar sunayen suka zo, inda kakanninmu suka bar jini.

Ma'aikatan gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da na Gidan Arewa, na gode da haƙurin da kuka yi da ni da tambayoyina marasa kan gado.

Rabin littafin na biyu a hanyar gabas yake, ni kuwa ban taɓa wuce Maiduguri ba. Wanda ya zama idona wani malamin makaranta ne Bahaushen Sudan, wanda wata ƙawata ta haɗa mu. Kakanninsa suna cikin waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka zauna a bakin kogin Nilu a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da saƙon murya ya bi da ni zango-zango: Fotlami, wato Injamena ta yau, Abeshe, Adare, Jinena, Fashir, har Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Shi ya fahimtar da ni abin da ya sa mutum zai bar Kano da niyyar hajji ya shekara goma bai ga Bahar Maliya ba. Guzuri ya ƙare, sai a tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira a tara na gaba, a nan a yi aure, a haihu, tafiya ta zama zama. Ya ce in Dogonku ya kai can, a cikin masu tsintar auduga za a neme shi, ba a Makka ba. Shi ne kuma ya cece ni daga abin kunya, domin na sa mutanena sun hau jirgin ƙasa a Niyala a 1953. Ya turo murya yana dariya, da Hausarsa mai ɗanɗanon Larabci, ya ce, "Malama, sai dai su zauna a tasha su jira shekara shida, layin dogo bai iso Niyala ba sai 1959."

A Madani yake koyarwa. Da yaƙin Sudan ya ci garin a watan Disamba na 2023, sai wayarsa ta mutu. Wata biyar ina tura sallama, alama ɗaya ce ke fitowa. A watannin nan ban iya rubuta ko layi ba. Ina rubuta labarin masu neman aboki a Sudan, ga ni zaune da nawa ɓataccen a Sudan ɗin, kuma kamar kakana ba abin da zan iya sai tambayar duk wanda na ji ya fito daga can. Ranar da baƙuwar lamba ta kira na ji "Malama, muna nan da rai," a tsakar gida na durƙusa. Sun rasa gida da komai, amma shi da iyalinsa suna lafiya. Malam, na san za a karanta maka wannan. Allah ya mayar da ku gidajenku cikin aminci, ya kashe wutar nan. Kwafinka yana nan na ajiye, ko shekara nawa za a yi.

'Yan zaurenmu na WhatsApp, ku kam ban san da bakin da zan gode muku ba. Lokacin da aka sace mini jaka a adaidaita sahu, da kwamfuta da komai, na ɗauka littafi ya tafi. Cikin kwana biyu kuka tono babi 19 daga tsofaffin saƙonni kuka turo mini, wata har da wanda ta kwafe da hannu a littafin makarantar ɗanta. Babi uku ne kawai na sake daga ka, kuma ina jin sun fi na farkon.

Maɗaba'ar da ta yi mana aiki ba zan kama sunanta ba. An yi alkawarin mako biyu kafin taro, kwalaye ba su iso ba sai daren Juma'a bayan isha'i, muka buɗe muka tarar babu taswirar hanya a ciki, an manta da ita. Yayana ya fita cikin daren ya tashi wani mai hoton takardu daga barci. Muka baje a falon Umma, ni da ƙannena da matan yayyena da yaran maƙwabta, aka ɗauke wuta, muka ci gaba da fitilar waya, wannan na yanka, wannan na shafa gam, wannan na mannawa. Kwafi 500. Ana kiran assalatu muka rufe kwali na ƙarshe. Saboda haka duk wanda ya ga taswirarsa ta ɗan karkace, hannun Auta ne, barci take ji.

Ranar taro kuma, na gode wa uban taro da ya zo kafin lokaci ya zauna jiran mu, abin da ba a saba gani ba. Na gode wa babban mai ƙaddamarwa da duk wanda ya sayi kwafi, daga mai dubu ɗari har ɗalibar da ta ƙirgo canjinta a gaban tebur. Tsofaffin sojojin da suka zo da lambobinsu a ƙirji suka ƙame lokacin da aka yi shiru na minti ɗaya, kun sa zauren ya yi nauyi. Malamina da ya yi sharhin littafin bai raga mini ba, kuma haka nake so. Ya ce tsakiyar littafin ta yi jan ƙafa a Abeshe, na yarda. Sannan ya buɗe shafi na 212 ya karanta inda kofur ya biya mai lori naira biyu, ya cire tabarau ya dubi jama'a ya ce a 1953 ko mai duba bai san za a yi naira ba, sai 1973. Zaure ya kwashe da dariya, ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage. Mutum huɗu suka duba rubutun nan, duk ta wuce mu. Ku gyara da biro, fam ne. Allah ya ƙara ilimi, Malam.

Umma, ke kika riƙe mini yara duk ranar da na tafi Kaduna. Abban yara, kai ka riƙa kai ni zauren Baba Saje kana jira a mota cikin zafin nan, ka sha tuwon da ya ƙone ba sau ɗaya ba, ba ka taɓa cewa in bari ba. Allah ya saka muku da gidan Aljanna. Masu zoɓo da alkaki, masu jera kujeru, yaran da suka share zaure bayan kowa ya watse, da waɗanda suka taso daga Zariya, Katsina, Jos da Maraɗi, Allah ya bar zumunci, ya ba kowa ladan tafiyarsa. Wanda na manta, ya yafe mini.

Masu tambayar inda za a samu littafin, ku yi mini magana ta akwatin saƙo, za a fara aikawa ranar Litinin. Masu tambaya ko an ga Dogo a ƙarshe kuwa, ba zan faɗa ba. Mutum ɗaya na gaya wa. Daren taro na je sallama da Hajiya Kaka, na tarar ta sa littafin a cikin akwatin ƙarfen nan, a kan hoton. Ba ta karatun boko, don haka ta kama hannuna ta ce, "Ke, gaya mini gaskiya, sun same shi?" Na sunkuya na raɗa mata a kunne. Ta jima ba ta ce komai ba, sannan ta rufe akwatin ta ce in tura mata shi ƙarƙashin gado, in kuma zo gobe da la'asar in fara karanta mata tun daga farko.