Godiya Bayan Na Dawo Gida

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi. Yau kwana goma sha ɗaya ina kwana da injin CPAP a hancina, wato injin da ke hura iska don kada numfashi ya yanke cikin barci, kuma jiya na saurari huɗubar Juma'a tun daga farko har aka ta da salla ban yi gyangyaɗi ba. Rabona da haka ya fi shekara huɗu.

Hatsarin motar da na yi a Kwanar Ɗangora kun riga kun ji. Ƙarfe ne ya lalace, Allah Ya tsare rai. Har yanzu a gajiye nake, saƙonninku da yawa ban amsa ba, ku yi mini afuwa.

Na san ba a saba mutum ya fito ya yabi iyalinsa a bainar jama'a ba, amma yau sai na yi. Ta daɗe tana ce mini, "Malam, numfashinka yana ɗaukewa cikin barci," ni kuwa in ce minshari ne, gadonsa na yi. Ashe baiwar Allah ba ta runtsawa. Zama take yi a bakin gado da carbi, in minsharin ya tsaya cak, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, sai ta fara ja tana ƙirgawa. Wani dare ta kusa cika talatin da uku ban numfasa ba, ta jijjiga ni tana salati. Na farka na rufe ta da faɗa. Wallahi faɗan nan yana ci mini rai har gobe. Sai ranar da ta nuna wa likita abin da ta ɗauka a waya na ga kaina ina kokawa da numfashi kamar wanda aka shaƙe. Gwiwata ta yi sanyi.

Daren da aka kwantar da ni da wayoyi a ka da ƙirji da yatsa, an ga numfashina yana yankewa sau 47 a awa guda, alhali daga 30 ma an shiga mai tsanani. Likita ta ce naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska, sai ƙwaƙwalwa ta yi ta farkar da mutum bai sani ba. Shi ya sa hawan jinina ya ƙi jin magani har kala uku, ga suga, ga ciwon kai kowace asuba. Allah Ya saka mata da alheri, ba ta taɓa kallona a matsayin rago ba.

Autanmu ya roƙe ni kada in faɗa, to na faɗa: babur ɗinsa ya sayar ya haɗa mini sola da batir, don kada a ɗauke wuta injin CPAP ya tsaya tsakar dare. Allah Ya ba ka wanda ya fi shi, ƙanena. Direban tirelar da ya tsaya ya zaro ni daga mota, ban san sunanka ba, Allah Ya san ka. Limaminmu da jama'ar sahun asuba, na gode.

Su kuwa 'yan uwan da suka shekara suna ce mini kasa sarkin barci a taron dangi, har yau ko waya. Ba komai, zumunci na nan.

Allah Ya raba ku da ciwon da ba a gani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya ji ƙan iyayenmu, Ya sa wannan ya zama kaffara. Likita ta hana ni tuƙi sai ta sake duba ni wata mai zuwa, ga kuma aikin rage ƙiba a gabana. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.